Rashin Aikin Yi a Amurka: Daga Wane Wata Aka Fara Ƙirge?

Da kakar zaɓe ta kama a Amurka, 'yan Democrat da 'yan Republican kowa sai ya fito da jadawalinsa na rashin aikin yi, alhali duk daga wuri ɗaya suka kwaso alƙaluman, wato Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago, BLS. Galibi ba ƙarya suke shararawa ba. Dabarar tana wajen zaɓen watan da za a fara ƙirge da wanda za a tsaya, kuma shi ne abu na farko da aikin nazarin waɗannan alƙaluma ke koya wa mutum ya duba.

Obama ya karɓi mulki a Janairun 2009, marasa aiki na kashi 7.8 cikin ɗari. Zuwa Oktoba sun kai kashi 10. Masu suka suna tsayawa nan, su ce ga abin da ya jawo. Amma tattalin arzikin ya fara durƙushewa tun Disambar 2007, bankin Lehman Brothers kuma ya rushe a Satumbar 2008, kafin ma a kaɗa ƙuri'a. Wani abin da ake mantawa shi ne rashin aiki a baya yake biyowa: a hukumance karayar ta ƙare a Yunin 2009, amma masu kamfanoni ba sa gaggawar ɗaukar ma'aikata sai sun ga ciniki ya zauna. Da Obama ya sauka daga mulki a Janairun 2017, adadin yana kashi 4.7.

Haka ake yi da wa'adin Trump na farko. Magoya bayansa su yanke jadawali a Fabrairun 2020, kan kashi 3.5. Abokan hamayya su nuna Afrilu, da ya doshi kashi 15, kamar ba korona ce ta rufe shaguna da masana'antu ba. Dukansu biyun ba su yi wa mai karatu adalci ba.

Sai kuma ma'anar adadin kansa. Kowane wata ana tuntuɓar gidaje kusan 60,000, kuma galibi ba a lissafa mutum a matsayin marar aiki sai idan ya nemi aiki cikin makonni huɗu da suka wuce. Wanda ya gaji ya haƙura da nema, an cire shi daga lissafi, adadin ya sauka alhali yana zaune a gida. Shi ya sa ya kamata a ajiye wannan adadi, U-3, kusa da U-6, wanda ya haɗa da waɗanda suka fid da rai da masu aikin 'yan sa'o'i don sun rasa cikakke.

A kuma tambayi wa ke riƙe da kuɗin ruwa. A ƙarshen 1982, zamanin Reagan, rashin aiki ya kai kashi 10.8, saboda babban bankin ƙasar ya tsawwala kuɗin ruwa don karya hauhawar farashi. Shugaban bankin a lokacin, Paul Volcker, Jimmy Carter, shugaban ƙasar da ya gabaci Reagan, shi ne ya naɗa shi a 1979.