Rufin baka ya haɗu, kuma ba katako ko ɗaya a ƙarƙashinsa

Alhamdulillah 'yan uwa, bakan ɗakin da nake ginawa da bulon laka ya haɗu a sama ya tsaya da kansa, ba kwano ba rodi ba siminti, laka ce zalla. Wallahi daɗin da nake ji ba ya misaltuwa.

Kun san inda aikin ya maƙale min. Layukan farko suna kama bangon baya lafiya lau, amma da zarar na kai kafaɗar baka sai bulo ya fara sulalewa, kana ɗora shi ka juya ɗebo kwaɓi sai ka ji tim a ƙasa, wanda ya zauna kuma washegari ka tarar da tsaga ta bi shi. Bulon da ya farfashe ya ci min rai sosai, ga kuɗin ruwa ga na masu kwaɓi duk sun tafi a banza.

Ashe siffar ce. Laka tana jure danni amma ba ta jure ja, shi kuma rabin da'irar da nake bi a da yana son buɗewa ta kafaɗu. Sai na kafa ƙusa biyu daidai faɗin ɗakin, na rataya sarƙa ta yi lilo, na bi ta da gawayi a kan kwali, na yanke na kife shi. Wannan lanƙwasar ita nake bi yanzu. Robert Hooke, masanin kimiyya ɗan Ingila, ya rubuta dabarar tun 1675, Gaudí, mai zanen gine-gine, ma ya rataya igiyoyi masu nauyi don ya fitar da siffar gini a Sifen. A sarƙa komai ja ne, in ka kife ta komai ya koma danni, abin da laka ke so kenan.

Saura zamewa. Kowane layi yanzu jingine yake da na bayansa, kusan digiri 60, ba a tsaye cak ba. Bulon na sirantar da shi ya dawo santimita 4 zuwa 5, kuma tun yana ɗanye nake jan layi biyu da yatsu a fuskarsa don kwaɓi ya samu wurin kamawa. Kwaɓin ya fi na bango yumɓu, yana danƙo a hannu. Ka manna, ka danna da tafi, ka cusa 'yan tsakuwa a giɓin da ke buɗewa ta waje, shikenan ya zauna daram. Haka maginan Nubiya ta kudancin Masar da Hassan Fathy, mai zanen gine-gine ɗan Masar, ya kawo aikin gina ƙauyen Sabuwar Gurna kusa da birnin Luxor suke yi a shekarun 1940, kuma rumbunan Ramesseum, haikalin Fir'auna Ramses na biyu a can Luxor, masu irin wannan rufin sun haura shekara 3000.

Tunda ba injiniyan da zai duba min, ban yi ganganci da faɗi ba. Mita 3 na tsaya, bangon gefe santimita 60, don baka yana tura bango waje ne kullum. Dan Allah kada wani ya ɗora shi a kan siririn bango.

Da farko tsarina shi ne sai na gama rufin duka sannan ciko, amma tun yanzu nake cika kafaɗu da laka ina tafe, yaɓen ciki ma na taɓa ta wani lungu don na ƙagu in ga yadda zai fito. Ruwan sama ne damuwata yanzu. Wanda ya taɓa shimfiɗa leda kafin yaɓen saman, kaurin laka nawa ka ɗora mata don kar rana ta cinye ta?