Laraba, da baƙin keken doki

Samfurin bangon littafin da na rubuta ya iso da hantsi. Murna ta sa har na kira Yaya na ce ta duba wayarta. Sunan littafin ya zauna daram, gonar masarar ta yi kyau. Sai idona ya sauka kan keken dokin, na ga baƙi ne.

Labarin nan a gundumar Lancaster ta jihar Pennsylvania a Amurka yake, cikin Amish, wasu Kiristoci masu tsohuwar rayuwa da ke hawa keken doki maimakon mota, kuma Amish ɗin Lancaster rufin kekensu ruwan toka ne. Baƙi na Amish ɗin gundumar Holmes ne a jihar Ohio, da na arewacin Indiana. A cikin Lancaster kuwa, in ka ga baƙin keke, galibi na 'yan Mennonite masu tsohuwar ɗariƙa ne, wata jama'ar Kirista daban da Amish. A Big Valley ma, wani kwari a Pennsylvania, akwai Amish masu rufi rawaya da masu fari. Kafin mutum ya sauko, launin kekensa ya riga ya faɗi jama'arsa.

Na kira mai zanen.

"Malama, ai keke keke ne. Baƙin ya fi fitowa a kan hasken yamma."

Na ce, "Malam, a babi na 4 yarinya ta ga baƙin keke a bakin rumbu daren da aka kashe dattijon. Ɗan sandan da ke bincike baƙo ne, bai gane ma'anarsa ba sai babi na 23. In baƙin yana bango, mun tona ƙarshen labarin tun kafin a buɗe shi."

Ya yi shiru, sannan ya ce in turo gyare-gyaren gaba ɗaya.

Da na ƙara girman hoton sai ga sauran. Mutumin da ke riƙe da linzami yana da gemu har da gashin baki, alhali magidancin Amish gemu yake bari ya aske gashin baki, saurayi kuma fuska a aske. An sa wa kwat ɗinsa ta zuwa ibada maɓallai, su kuwa ƙugiyoyi suke sa mata. Ga wayar lantarki ta shiga gidan. Can baya kuma hasumiyar coci, bayan ba su gina coci; a gidaje suke ibada, Lahadi ɗaya bayan ɗaya, ana kai bencina a amalanke. Daga irin waɗannan ne binciken yake samun wahalarsa: babu hoton mamacin, tarho yana cikin 'yar rumfa a bakin hanya, masu sunan Stoltzfus ba su ƙirguwa, shaidu kuma in sun juya wa juna sai su koma Jamusancinsu na Pennsylvania.

Ruwan tokar kanta sai an kula. In aka haɗa ta daga tawada huɗu na injin bugawa, takan karkata zuwa kore ko shuɗi a takarda, shi ya sa na ce a gina ta galibi da baƙar tawada. Ga shi gyaran edita ya ɗaga shafuka daga 312 zuwa 320. A takarda mai ruwan madara kaurin kowane shafi inci 0.0025 ne, don haka kaurin bayan littafin, wato gefen da shafukan suke haɗe, ya koma inci 0.8 daga 0.78. In ba a sake aunawa ba, rubutun bayan zai zame gefe. Rarar da ake bari a bakin zane don yanka, inci 0.125 kowane gefe, tana nan yadda take.

Tuwon rana ya huce ban ci ba. 

Bayan isha'i abin ya dawo min da nauyi. Mutanen da na aro rayuwarsu na sa gawa a rumbunsu ba za su rubuto su ce na ɓata musu ba, mafi yawansu ma ba za su ga littafin ba. Da na bar baƙin keken, ba wanda zai tsayar da ni daga cikinsu. Na sake buɗe babi na 9, wurin ƙaurace wa mai laifi, ina duba ko na sa wa limaminsu zafin da ba nasa ba. Layi uku na ja wa ƙasa.

Sabon samfurin sai Juma'a.