Lahadi a Harmondsworth

Yau bayan azahar na shiga bas zuwa Harmondsworth, wani ɗan ƙauye da ke manne da filin jirgin Heathrow a yammacin Landan, don in ga tsohon rumbun katakon nan da ake ta ba ni labari. Rumbu dai nake ce masa amma wallahi tsawonsa ya kusa mita 60, ina shiga na ɗaga kai sai da wuyana ya ƙage.

Kwalejin Winchester ce ta sa aka gina shi a 1426 zuwa 1427, lokacin gonakin wurin nata ne, nan ake jibge damman alkama da sha'ir kafin a sussuke, kuma manoma ba su daina amfani da shi ba sai a shekarun 1970. Ginshiƙai ne na itacen oak jere biyu, kowanne an ɗora shi kan dutse don kar damshin ƙasa ya ci gindinsa, can sama kuma katako ya shiga cikin katako, an fafe rami an zura harshe an buga fegin itace ya riƙe, haka har ƙarshen ɗakin, kuma yawancin katakon na asali ne ba canji. Na daɗe tsaye gindin ginshiƙi ɗaya ina shafa sawun gatari, sai na tuna rufin azara na zauren kakana, shi ma in ka duba da kyau kana ganin hannun magini.

Wani dattijo cikin masu aikin sa kai ya nuna min alamomin da kafintoci suka zana, wai a ƙasa suke fara haɗa komai su yi masa lamba, sannan su kwance su ɗaga. Allah Ya yi wa mutanen nan basira.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne jirage, kana ciki kana jin rugugin tashinsu ba ƙaƙƙautawa. English Heritage, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila, ta sayi rumbun a 2011 bayan an bar shi yana lalacewa, ta gyara rufin, to amma in aka yi titin jirgi na uku da ake ta magana yawancin gidajen ƙauyen rushe su za a yi. Ni dai ban ga amfanin a ceci rumbu a kori mutanen da ke buɗe shi suna share shi ba. Dattijon ma a ƙauyen yake zaune, na tambaye shi ina za su koma, ya ce su ba inda za su.