Yadda na ɓoye #DIV/0! a Excel, na bar sauran kurakurai a fili

Akwai wani jadawali da nake riƙe da shi a Excel, wanda ke kwatanta aikin da aka tsara yi a kowane wata da wanda aka yi a zahiri. Ginshiƙin B na abin da aka tsara ne, C na abin da aka cimma, shi kuwa D fomula ce, =C2/B2, da na ja ta har ƙasa. Duk watan da ba a cike ba tukuna, gidansa na B fanko ne, Excel kuma yana ɗaukar fanko a matsayin sifili. Shi ya sa rabin ginshiƙin D ya cika da #DIV/0!, wato saƙon kuskuren da Excel ke bayarwa in an raba adadi da sifili. Ni na san ba komai ba ne, gidajen suna jiran adadi ne kawai. Amma duk wanda na aika wa rahoton sai ya tambaye ni ko lissafin ya lalace.

Mafitar da ta fara zo mini ita ce IFERROR, fomular da ke sa wani abin da ka zaɓa a madadin kuskure, wadda ke cikin Excel tun na 2007. Sai dai ban so taɓa fomular ba, kuma ina da dalili. In na ce a sa sifili a madadin kuskuren, AVERAGE zai ƙirga sifilin nan, matsakaicin shekara ya faɗi ƙasa ba gaira ba dalili. In kuma na ce a bar gidan da "" to Excel rubutu yake ɗaukarsa, ya zana shi a matsayin sifili a zanen layi, kuma duk fomular da ta haɗa shi da wani gida da alamar tarawa sai ta ba da #VALUE!. Abin da nake so shi ne ƙimar ta zauna yadda take, ido ne kawai kada ya gan ta. Wannan kuwa aikin Conditional Formatting ne, wato tsarin da ke sauya kamannin gida idan wani sharaɗi ya cika.

Yin sa ba wuya. Na zaɓi D2 zuwa D13, na shiga Home, na danna Conditional Formatting, sannan New Rule. Na zaɓi zaɓi na ƙarshe, wanda ake rubuta fomula, na rubuta =ISERROR(D2), na shiga Format na mai da launin rubutu fari. Nan take ginshiƙin ya yi tas. A Google Sheets ma haka ne, ta Format ake shiga, a zaɓi Custom formula is.

Wurin da ya kamata a kula shi ne alamar $. In ka danna gidan da linzami maimakon ka rubuta sunansa da hannu, Excel zai sa maka $D$2, ma'ana kowane gida a jerin zai riƙa duba D2 shi kaɗai. In D2 lafiya lau yake, ba abin da zai ɓoye. In kuma yana da kuskure, ginshiƙin gaba ɗaya zai ɓace, har da adadin da ke daidai. A rubuta sunan gida na farko a jerin, ba tare da $ ba, shi ke nan.

Na kuma gwada tsarin lamba na ;;; da ake ɓoye adadi da rubutu da shi. Bai taɓa kuskuren ba, domin kuskure ba ya bin tsarin lamba. Launi ne kaɗai ke aiki a kansa.

To amma da na zauna na dubi abin da na yi, sai hankalina bai kwanta ba. ISERROR ba ta bambancewa. Tana kama #DIV/0! da #N/A, haka kuma tana kama #REF! da #NAME? da #VALUE! da #NUM! da #NULL!. Waɗannan kuwa ba labarinsu ɗaya ba. #REF! cewa yake an goge gidan da fomula ke dogaro da shi. #NAME? cewa yake an rubuta sunan fomula ba daidai ba. #VALUE! yawanci rubutu ne ya shiga inda ake jiran adadi. Ɓoye su daidai yake da manna takarda a kan fitilar gargaɗi ta mota: fitilar ba ta dame ka ba, injin kuma yana can yana lalacewa. Jadawalin nan ba ni kaɗai ke taɓa shi ba, kuma ranar da wani ya goge ginshiƙin B, ina so in gani tun kafin rahoton ya fita.

Saboda haka na sauya ƙa'idar. Akwai fomula mai suna ERROR.TYPE da ke ba kowane kuskure lambarsa: #DIV/0! shi ne 2, #VALUE! 3, #REF! 4, #N/A kuma 7. Na rubuta =ERROR.TYPE(D2)=2 na ba ta farin launi. Sannan na ƙara ƙa'ida ta biyu a ƙarƙashinta, =ISERROR(D2), mai cika gida da ja, na sa alamar Stop If True a kan ta farko domin kada jan ya hau kan abin da na riga na ɓoye. Yanzu kuskuren da nake tsammani ya yi shiru, wanda ban yi tsammani ba kuma ya fi da fitowa fili. Wannan gyaran shi ne abin da ya fi yi mini amfani a aikin duka. Mai amfani da VLOOKUP, fomular neman ƙima a jadawali, wanda #N/A ke damu, wato kuskuren rashin samun abin da ake nema, ISNA ce ta dace da shi, don ita kuskure ɗaya tak take kamawa.

Abu na biyu da na koya shi ne farin launi ba ya gyara lissafi. Kuskuren yana nan a gidan. SUM ko AVERAGE da suka bi ta kansa kuskure za su bayar, kuma in ƙa'idar ɓoyewa ta kai har gidan jimilla, jimillar ma sai ta ɓace, mai karatu ya ga fili a wurin da ya fi buƙata. Na bar gidan jimillar a wajen ƙa'idar, na yi amfani da AGGREGATE, wadda ta zo a Excel na 2010. =AGGREGATE(1,6,D2:D13) tana ba da matsakaici, lamba 6 ɗin ce ke cewa a tsallake kurakurai. In tarawa ake so, a sa 9 a madadin 1.

Sauran ƙananan abubuwa ne. In layukan jadawali suna da launi iri biyu, farin rubutu zai fito ɓaro-ɓaro a kan layi mai launi, dole a yi wa kowanne ƙa'idarsa. Ɗan koren alamar da Excel ke sawa a kusurwar gida mai kuskure ita ma tana nan. Ana iya kashe ta a Options, sashen Formulas, amma ni na bar ta, ba ta fitowa a takarda kuma tana tuna mini abin da ke ƙarƙashi. Wanda kuwa bugawa kaɗai ce damuwarsa, bai ma buƙatar duk wannan: a Page Setup, sashen Sheet, akwai Cell errors as, inda za a zaɓi a bar wurin fanko a takarda.

A saman jadawalin na ware gida ɗaya na sa =SUMPRODUCT(--ISERROR(D2:D13)), na rubuta a gefensa cewa wannan yawan gidajen da ke ɗauke da kuskure ne, kuma an ɓoye masu jiran adadi da farin launi. Na yi haka ne saboda wanda zai karɓi aikin bayana, kada ya ga fili ya ɗauka ba fomula a ciki ya rubuta a kai. Kafin in aika rahoto nakan dubi lambar nan: in watanni huɗu suka rage a cike, 4 ya kamata ta nuna. In ta wuce haka, sai in nemi gidan da ya yi ja.