Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Abin da Ke Cikin Kan Yaya

Makon jiya na yi alkawarin zan wuce zuwa labarin auren Auta, amma maganar Kawu ta hana ni sakat. Sai na fitar da ita tukuna.

"Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Haka ya ce yana tsaye a kan Yaya, ranar faɗuwarsa ta farko, kumfa da jini na fita ta gefen bakinsa don ya ciji harshe. Inna tana riƙe da kansa tana salati, ni kuma ina janye kujera kada ya bugu.

Ba zan wanke Yaya ba, ya sha giya, sha na fitar hankali, shekara da shekaru. Da muka kai shi asibiti aka ce janyewar giya ce, wai mashayin da ya saba idan ya bari lokaci guda farfaɗiya kan iya kama shi tsakanin awa 6 zuwa 48 bayan kurɓar ƙarshe. Maganar gaskiya ce, kuma a ranar ta yi daidai da shi. Illarta ita ce ta zama amsar komai. Ciwon kai, giya. Mantuwa, giya. Shekara uku muna a haka.

Abin da ke ci mini rai har yau nawa laifin ne. Akwai lokacin da ya yi wata huɗu bai kurɓa ba, amma ya faɗi sau biyu. Ya rantse mini, na ƙi yarda. Na ɗaga katifarsa ina neman kwalba, na matso kusa kamar zan gyara masa wuyan riga alhali bakinsa nake shaƙa. Ya gane. Ya ce, "Ke ma, ƙanwata?" Ban ba shi amsa ba, domin rariyar Kawu ce a kaina.

Kuma na sha ganin yadda abin ke zuwa. Babban yatsansa na hagu ne ke fara rawa, sai ta hau hannu, ta kai kumatu, idonsa biyu yana cewa "ga shi nan, ga shi nan", kafin ya fita hayyacinsa. Wata likita ce, yarinya ƙarama da ba ta kai ni shekaru ba, ta fara tambayar ta ina yake farawa. Da na kwatanta mata sai ta ajiye biro. Ta ce farfaɗiyar janyewar giya yawanci jiki duka take kamawa lokaci ɗaya; wadda ke farawa daga gaɓa guda kuwa tana nuna akwai wani abu a wani wuri cikin ƙwaƙwalwa. Ta tura mu hoton CT, mai nuna cikin ƙwaƙwalwa.

Ta ɗaga hoton a gaban fitila ta nuna mini 'yan da'irori uku, ɗaya da ɗigo fari a ciki. Ɗigon nan, in ji ta, kan tsutsa ne. 'Ya'yan tsila ne, irin wadda likitoci ke kira Taenia solium, tsilar alade. Sukan yi shekaru a kwance cikin 'yar jakar ruwa ba a san da su ba, sai sun fara mutuwa wurin ya kumbura, sannan farfaɗiya ta taso.

Kalmar alade kawai Kawu ya ji. Kafin dare dangi duk sun ji cewa Yaya ya wuce giya, ya kai ga nama. Rariya ta sake dawowa. Inna ta kwana uku ba ta fita tsakar gida ba.

To ga abin da likitar ta faɗa, wanda Kawu bai tsaya ya ji ba. Cin naman alade da bai dahu ba yana sa tsila a hanji, mai tsawon mita biyu ko fiye. Ta ƙwaƙwalwa kuwa daga ƙwai take zuwa, ƙwan da ke fita cikin bayan gidan mai ɗauke da tsilar, ya bi hannun da ba a wanke ba, ko ruwa, ko ganye, ya shiga bakin wani. Ya ƙyanƙyashe, ya huda hanji, jini ya kai shi tsoka ko ido ko kai. A 1992 an wallafa rahoton samun cutar a wasu gidajen Yahudawa masu riƙo da addini a New York ta Amurka, mutanen da alade ba ya shiga bakinsu. Zargi ya faɗa kan masu aikin gida da suka zo daga ƙasashen da tsilar ta yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a irin waɗannan wurare kusan kashi 30 cikin ɗari na masu farfaɗiya ita ce sanadi. Shi kuwa mutumin da giya ta sa yake ci ko'ina, yake kwana inda dare ya yi masa, ina zai san hannun wa ya taɓa abincinsa?

Kafin magani sai da aka leƙa cikin idonsa, aka auna hanta, don albendazole, maganin kashe tsutsar, na taɓa hanta, tasa kuma giya ta riga ta jigata. Aka haɗa masa da maganin rage kumburi da na farfaɗiya. Kwanakin farko kansa ya yi ciwon da yake riƙe ƙarfen gado yana gumi. Likitar ta gaya masa ƙiri-ƙiri cewa kurɓa ɗaya na iya tayar da abin, kuma tabon da tsutsar ta bari zai iya zama da shi. Ya koma sha sau ɗaya bayan nan, ba zan ɓoye ba. Zan zo kansa.

An ce duk wanda ke cin abinci a gidanmu ya kawo bayan gida a duba. Ni da Inna da Auta mun kai. Kawu ya ce shi ba yaro ba ne. Shekaru bayan haka, da yake jinyarsa ta ƙarshe, Yaya ne ke ɗaga shi yana kwantarwa, kuma ban taɓa jin Kawu ya ce wa Yaya "yi haƙuri" ba. Ni na ce masa, a mota, muna dawowa daga ɗaukar hoto na biyu. Ya daɗe yana kallon babban yatsansa, sannan ya ce in rufe gilas, iska na damunsa.

Auren Auta sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.