Abin da gubar dalmar Zamfara ta koyar kan magungunan cire ƙarfe daga jini

Akwai magungunan da aikinsu shi ne su damƙe ƙwayar ƙarfe mai guba a cikin jini, su riƙe ta har ƙoda ta fitar da ita ta fitsari. Da irinsu aka yi jinyar yara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje.

Wanda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka fi amfani da shi shi ne DMSA, don ta baki ake sha. Ana farawa ne idan dalma ta kai maikirogiram 45 a desilita ɗaya na jini. Ƙa'idar da aka saba ita ce miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, sau uku a rana na kwana 5, sannan sau biyu a rana na kwana 14, ana bibiyar hanta da fararen ƙwayoyin jini. Yaron da ke jijjiga ko ya suma, allurar EDTA mai kalsiyam ake yi masa ta jijiya. A nan kuskure kisa ne: akwai EDTA marar kalsiyam mai suna kusan iri ɗaya, wadda ke zuƙe kalsiyam ɗin jini har zuciya ta tsaya. An rasa rayuka haka a Amurka.

Babban darasi kuwa, saukar adadin dalma a jini ba warkewa ba ce. Dalma takan shekara da shekaru a cikin ƙashi, tana tsatsowa cikin jini, shi ya sa makonni kaɗan bayan gama magani awo ke sake hawa, a maimaita zagaye. In kuma yaro ya koma rarrafe a tsakar gida mai gurɓatacciyar ƙasa, an yi aikin banza. Saboda haka sai an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa kafin a soma jinya. Jiran wannan aiki ne ya sa yaran ƙauyen Bagega ba su samu magani ba sai 2013.

Awon ma yana yaudara. In daga yatsa aka ɗebi jini, ƙurar da ke kansa tana ɗaga sakamako, don haka jinin jijiya ake tabbatarwa da shi. Na'urar auna dalma a jini ta LeadCare II kuma ba ta karanta sama da 65, dole a tsarma jinin a sake gwadawa.

Wani bincike a Amurka kan yara 780 masu awo 20 zuwa 44 ya nuna DMSA ya rage dalmar jini, amma bai ƙara musu kaifin basira ba.