Maraƙi na biyu

Litinin, bayan isha'i.

Tun kafin kiran assalatu makiyayinmu ya bugo waya daga garke, can hanyar Tibiri, wai karsanar nan mai farin goshi ta haihu, amma in zo in gani da idona. Gabana ya faɗi, don bara ma da wannan kalma ya tashe ni. Na naɗa rawani na hau babur cikin hunturu.

Maraƙin namiji ne, ja kamar ubansa. Ƙafafun gaba sun lanƙwashe sun sandare, ko an ja ba sa miƙewa, ƙashin baya kuma a karkace. Uwar sai lasarsa take yi tana jiran ya tashi. Muka tatsi dakashi muka ɗura masa, ya ɗan haɗiya. Kafin hantsi ya mutu. Sak irin na bara.

Uban shi ne jan bijimina ɗan Azawak, shekara shida ke nan yana garkena. Tozo a tsaye, ƙaho gajere, baya shimfiɗe kamar tabarma. Tun kaka nake ɗura masa harawar wake da angurya da dusa, da niyyar in kai shi baje kolin noma da kiwo na Yamai tare da ƴaƴansa mata biyu, alƙalai su ga iri. Saboda son kamannin nan nasa ne na hana a kawo wani bijimi, na bar shi yana barbarar ƴaƴan cikinsa. Makiyayin ya taɓa ce mini, "Alhaji, mu a ruga ba ma barin sa ya daɗe haka, musanya muke yi." Na ce masa ya bar ni da zamani.

Likitan dabbobi ya iso wajen ƙarfe 10. Ya jujjuya gawar, bai yi saurin yanke hukunci ba. Ya ce akwai cutar da ƙananan ƙwari masu cizo ke sa wa saniya mai ciki ta lanƙwasa ɗan, akwai kuma ciyawa mai guba da ke yin haka. Sai ya tambaya ko sauran shanun da suka yi kiwo wuri ɗaya, suka sha rijiya ɗaya, sun haifi irin wannan. Babu ko ɗaya. "To wane ne uban uwar?" Na yi shiru, makiyayin ya nuna bijimin da sanda.

Likita ya tsuguna ya tsinci tsakuwa, farare da baƙaƙe. Kowace dabba, in ji shi, tana gadon ƙwayar hali biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Irin wannan lahani ɓoyayye ne: mai baƙa ɗaya da fara ɗaya lafiyarsa lau, yana iya zama mafi kyau a garke. Sai baƙa ta haɗu da baƙa abin ke fitowa. In uba da uwa duk suna ɗauke da ita, cikin maraƙi 4 ana sa ran 1 ya lalace, 2 su ɗauka a ɓoye, 1 ya fita tsaf. Rabin ƴaƴan bijimina mata sun gaje ta, saboda haka in ya hau su, kusan 1 cikin 8 ke nan. Muka ƙirga haihuwar da aka yi ta wannan hanya, 15. Biyu sun lalace. Tsakuwa ba ta yi mini ƙarya ba.

Ya ce kada in ɗauka ni kaɗai ne son gasa ya rufe wa ido. A Amurka, wajen shekarun 1950, alƙalan gasa sun fi son gajerun shanu masu dunƙulallen jiki, masu kiwon shanun Hereford suka bi su, sai ga wadannin maruƙa sun cika garkuna. A 2008 kuma masu baƙaƙen shanun Angus suka gano maruƙa masu lanƙwasassun ƙafafu, aka bi salsala har kan wani shahararren bijimi guda da aka baza maniyyinsa ko'ina. Su yanzu gashin wutsiya suke tsigewa da saiwarsa, a auna a gane mai ɗauke da lahanin. Mu abin da muke da shi ido ne da rubutu. Ya kawo misalin tashar kiwo ta Tukunus, wajen Filinge, inda ake tace irin Azawak tun 1954: kowace saniya da lambarta, an san uwa an san uba.

Da azahar na biya ta gida. Baba ya ce baki ne, na cika nuna sa ga mutane. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, wannan karon bakin nawa ne." Bai yi dariya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kara, wato kasuwar shanu. Yau kasuwa, na leƙa don in ji farashi kawai, sai wani dillali ya ja ni gefe. Labari har ya riga ni zuwa. Ya ce yana da mai neman bijimin iri daga Najeriya, zai biya ninkin kuɗin mahauta, kuma wa zai sani? A garken da babu danginsa, watakila shekaru su wuce ba a ga komai ba. Gaskiya ya faɗa, kuma wallahi na tsaya na yi lissafi, har na fara raba kuɗin a zuci. Amma ɓoye aibi a ciniki haramun ne, ko yaron makarantar allo ya sani, kuma wannan aibin ba a jikin sa ɗaya zai tsaya ba. Na ce masa sai dai mahauci.

Ga yadda muka tsayar da likita. Bijimin zai fita daga garke gobe, a ɗaure shi a turke a gida har a sami mai yanka. Ƴaƴansa mata ba zan sayar ba, madararsu tana da yawa, sai dai a nemo musu bijimin da bai haɗa jini da su ba. Ƴaƴansa maza duk dandaƙa, su yi huɗa da jan amalanke. Akwai guda biyu da na riga na ba surukina a Gidan Rumji, dole in kira shi, kuma ban san ta inda zan fara ba. Yamai kuwa sai wata shekara.

Na sayi littafi mai bango ja. Bayan magariba na kira makiyayin, yana faɗo mini kowace saniya da uwarta da kakarta daga ka, ina rubutawa. Mun kai ta 19 cajin wayarsa ya ƙare.